Yayan da Na Rantse Ya Mutu

Duk ranar da na ga ɗayanku ya tashi daga rumfa zai je ya tsaya wa maƙwabcinsa shaida, sai wata Talata ta dawo mani, wadda na yi a ofishin magatakardar kotu, kuma har yau ba ta sake ni ba. Kafin in kai ku can, bari in faɗa maku abin da ke kan sikeli a lokacin. A gefe guda akwai sito ɗaya, lasin ɗaya, manyan motoci biyu, da sunan da na yi shekara goma ina ginawa a kasuwar Kontagora. A ɗaya gefen mutum guda ne, ya ɗan haura hamsin, da akwatin kwano, da hatimin kwana casa'in a fasfonsa. Mutumin yayana ne, ubanmu ɗaya.

Ubanmu, Malam Gambo, ya tafi aikin hajji a ƙasa tun ba a haife ni ba, shi da matarsa ta fari da ɗansu Mamman mai shekara biyar. A wancan zamani tafiyar shekaru ce. A yi ƙodago a wannan gari, a sami guzuri, a ƙara gaba. Matar ta rasu a Sudan, kusa da Madani. Baba ya bar Mamman a hannun mai masaukinsu, wani manomin auduga, da niyyar ya ɗauke shi in ya dawo. Da ya dawo ya tarar sun tashi daga ƙauyen, shi ga ciwo, ayari kuma ba ya jira. Ya iso Kontagora shi kaɗai, ya auri mahaifiyata, aka haife ni. Ni kaɗai na rayu a ɗakinta. Har Baba ya tsufa, in an yanka kaza a gidanmu sai ya ce, "Mamman cinya yake so."

Baba ya rasu shekara biyu bayan samun 'yancin kai, farkon damina. Kwana huɗu da binne shi, wani alhaji ɗan Mashegu da ya dawo ta ƙasa ya tsaya a rumfata ya miƙo mani wasiƙa da ajami, wadda aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu. Mamman ne. Yana raye, yana noman auduga, yana da iyali, yana tambaya ko Baba na nan. Na yi kuka. Ranar sadakar bakwai na rubuta masa amsa da hannuna, na gaya masa rasuwar, na sa wata, na sa sunana, Bawa ɗan Malam Gambo, na kai gidan waya. Amma ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. In na ce maku ban san dalili ba, na yi ƙarya.

Ga dalilin. A lokacin ni ƙaramin dillalin ƙwarar kaɗanya ne da gyaɗa, ina saye a ƙauyukan Kumbashi da Nasko ina sayar wa mai lasin. Ku da kuka taso yanzu ba ku san wannan tsari ba. Kamfani ba ya sayen kaya a hannun kowa sai wakilin da ya ba lasin, kuma ba a ba ka lasin sai kana da sito mai rufin kwano a bakin hanya, da takardar wurin da sunanka. Gidan Baba yana bakin hanya, kusa da tasha. A shekarar lasin ɗaya ya faɗo, mu biyu muke nema, aka ba mu zuwa ƙarshen wata. Ƙa'idar gado kuwa ita ce, in akwai magajin da yake raye a wata ƙasa, alƙali zai riƙe kasonsa, ba za a sa gidan da sunan mutum ɗaya ba sai ya zo ko ya aiko wakili da takarda mai hatimi. Daga Sudan, wannan aikin shekara ne.

A kasuwarmu akwai abin da muke kira tsayuwa, kun san shi, kuna yi har gobe. In kana bukatar shaidu, maƙwabcin rumfarka na dama da na hagu za su karkaɗe riga su bi ka, ba za su tambaye ka gaskiyar magana ba, don ran da tasu ta taso kai ma ba za ka tambaya ba. Ɗanjuma mai buhu da Isa tela suka bi ni. Suka ce sun ji daga bakin mahajjata cewa Mamman ya rasu da zazzaɓi a Sudan. Ni kuma na yi alwala, na dafa Alƙur'ani na rantse ba ni da labarin yana raye. A watan Maulidi ne, wata guda bayan na aika wasiƙata. Aka rubuta a littafin gado, aka fitar wa mahaifiyata tumuninta, sauran nawa. Na raba wa shaiduna goro, na dawo na yi wa Mamman sadaka a ƙofar gida don maganar ta zauna.

Na gaya wa kaina in na tsaya da ƙafata zan aika masa kasonsa. Na tsaya da ƙafata. Wasiƙunsa biyu suka ƙara zuwa, ban amsa ko ɗaya ba, kullum ina ce wa kaina sai an gama kaka. Daga baya har hajji na je a jirgin sama, na wuce ta saman kansa.

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, wata ranar kasuwa ina tsaye a bakin sikeli, sai ga wani dogon mutum da farar jallabiya ya sauko daga motar Kaduna. Kafin ya yi sallama na gane shi, don tafiyar Baba ce, har da ɗan karkata kafaɗa.

"Kai ne Bawa?"

"Ni ne."

"To, ni ne Mamman. Ina rijiyar?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Duk abin da ya riƙe na Kontagora shi ne wata rijiya a tsakar gida da uwarsa ke yi masa wanka a gefenta. Na ce, "Yaya, kana tsaye a kanta." Na cike ta tun shekarar farko, a nan na kafa sikeli. Ya dubi ƙasa, ya yi dariya, ya ce, "Tamam. Aƙalla tana auna wani abu."

Hausarsa ta tsofaffi ce, a cakuɗe da Larabci. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun karɓi gona, ƙirjinsa ya fara ba shi wahala. Ya ce bai zo neman komai ba. So yake ya zauna inda aka haife shi, in ya mutu a sa shi kusa da Baba. A daren farko bayan cin abinci ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani ƙunshin tsumma, ya warware, sai ga wasiƙata a cikin ambulan ɗinta, da kan sarki da hatimin gidan waya. Ya ce, "Shekara goma tana tare da ni. Duk wanda ya ce mani ba ni da asali, ita nake nuna masa."

Matsalar ita ce fasfonsa na Sudan ne. Can ba a ba baƙo gonar auduga ta gwamnati, don haka mai riƙonsa ya rubuta shi a matsayin ɗansa, haifaffen Madani. A takarda ba Mamman ɗan Gambo ba ne, Muhammad Abdallah ne. A kan iyaka an buga masa kwana casa'in na ziyara. Na ɓata kwana talatin da biyar ina yanka kaji ina kai shi gaishe-gaishe, ina ce wa mutane labarin mutuwarsa kuskuren mahajjata ne, ina roƙonsu kada su tayar masa da maganar don ba daɗi. Sannan na ɗauke shi muka tafi Kaduna, ofishin da ke kula da zaman baƙi.

Jami'in da muka samu matashi ne mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya zaunar da mu, ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce ɗan ƙasa yana iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa baƙo ya zauna, amma da sharuɗɗa, kuma a kan mai ɗaukar nauyin suke, ba a kan baƙon ba. Sai na kawo rasidin haraji na shekara uku. Sai na nuna ina da muhalli da sunana inda zan ajiye shi. Sai na kawo takardar 'yan sanda cewa kotu ba ta taɓa kama ni da laifi ba. Uku ɗin nan duk suna cikin jakata, na shimfiɗa masa su ina jin kaina.

"Madalla, Alhaji. Saura ɗaya. Takardar kotun garinku da ta tabbatar shi ɗan'uwanka ne na jini, tunda fasfonsa ya faɗi wani uban."

Yaya ya yi maza ya ciro wasiƙar. Jami'in ya ce shi ba ya karanta ajami, kuma ba shi ke yanke wannan ba. "Ku kai wa kotu. Tunda mahaifinku ya rasu, abu ne mai sauƙi, littafin gado za su buɗe, sunan magada duk yana ciki."

Na tambaya ko zan iya ɗaukarsa aiki a sitona. Ya ce wannan hanyar manyan kamfanoni ce masu kawo injiniyoyi. Na tambaya ko ba zai karɓi zama ɗan ƙasa kai tsaye ba, tunda nan aka haife shi. Ya ce wannan ma sai da takardar kotun, sannan ta tafi Legas, ta yi shekarun da za ta yi, kuma sai ya ajiye fasfonsa na Sudan. Yaya ya girgiza kai. In ya ajiye, za a ƙwace gonar da 'ya'yansa ke ci, don da sunansa take.

Da muka dawo na kira akawuna, Mista Yohanna, bayan sito. Dattijo ne ɗan wajen Nasko, ya yi aikin kotu kafin ya zo wurina, kuma ba ya tauna magana. Na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Alhaji, wasiƙar wane wata ce?"

"Safar."

"Rantsuwa fa?"

"Maulidi."

"To kai da kanka ka ɗaure akuya, ka ba ta wuƙa ta riƙe maka." Ya mayar da tabarau. "Ka saurara. Alƙali ba zai soke abin da mutum uku suka shaida ba don wani baƙo mai fasfon Sudan ya ce shi ne. Sai da takarda. Takarda ɗaya ce a duniya, ita ce wannan. In an karɓe ta, ya zama yayanka, kai kuma ka zama wanda ya rantse a kan ƙarya da sani. Za a ɗaure ka, ko wata shida ne. Takardar 'yan sanda ta tafi. Gidan za a sake rabawa, takardar muhalli ta tafi. Kamfani ba ya riƙe wakili da ya yi fursuna. To wa zai ɗauki nauyinsa? Kana da wani ƙane a aljihu?"

"In ba a kai wasiƙar ba fa?"

"Kai mutumin kirki ne mai sharaɗi uku, shi kuma matacce ne."

Na juya maganar ta kowace fuska kamar yadda nake juya buhun da nake zargin an sa masa tsakuwa. Ko na yarda in sha ɗauri, ba zai sami zama ba. Wannan shi ne abin da nake riƙewa in na rasa barci. Amma ban ɓoye maku ba, da na gane haka, wani sashe na zuciyata sanyi ya ji.

Isa tela ya riga ya rasu. Na je wurin Ɗanjuma, yana ɗinkin bakin buhu, ido ya fara raunana. Na ce ko za mu koma mu ce kuskure muka ji.

"Bawa, ni na san wani Mamman ne? Kai ka ce in tashi, na tashi. Ran da aka kama ni da buhunan da ba su da rasit, ka tambaye ni daga ina suke?"

"Ban tambaya ba."

"To. Yanzu da furfurata kake so in je in ce wa alƙali ni mai shaidar zur ne? Wallahi in an kira ni, cewa zan yi kai ka faɗa mani, kuma gaskiya ke nan." Ya ci gaba da ɗinkinsa. "Ka kai shi ƙauye mana. Wa ke neman fasfo a Kumbashi?"

Na ɗauki shawarar na kai wa Yaya. Na ce ina da ɗaki a wurin da nake sayen ƙwara, mutanen wurin nawa ne, ya zauna abinsa, ba mai tambayarsa. Ya dube ni.

"Ƙanena, shekara arba'in da wani abu ina amsa sunan uban da ba nawa ba. In an yi faɗa a gona, sai a tuna mani ni ɗan hanya ne. Ban ratso Chadi da wannan ƙirjin don in zo garin ubana in ɓuya ba. Me ke akwai a kotun da ba ka so mu je?"

Nan ne ya kamata in gaya masa. Sai na yi irin lissafinmu na 'yan kasuwa. Na ce a raina shekara goma ta wuce, alƙalin ya canza, magatakarda sabo ne, wataƙila in mai unguwa ya yi magana a rubuta takarda ba tare da an tono tsohon littafi ba. Na ce, "Ba komai, Yaya. Talata za mu je."

Talatar ke nan. Saura kwana goma sha tara a hatiminsa. Magatakardan ya karɓe mu da mutunci, ya ji bayanin mai unguwa, ya ce to bari a duba. Ya shiga ciki ya fito da littafin, bangonsa gara ta ɗan taɓa, amma shafinmu lafiya lau. Ya sa yatsa yana karantawa a fili, kamar yadda aikinsu yake. Gadon Malam Gambo. Ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya, Bawa. Babban ɗansa Mamman ya riga shi rasuwa a ƙasar Sudan, bisa shaidar wane da wane. Bawa ya rantse ba shi da labarin rayuwarsa. Ya karanta watan.

Ina jin ƙarar keken rubutu a ɗaki na gaba. Yaya yana zaune a gefena, hannunsa a cikin aljihun jallabiya inda ƙunshin yake. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga watanni. Bai dube ni ba.

Magatakarda ya ɗago ya ce, "Baba, wannan magana mai nauyi ce. Kana da wata takarda da ke nuna kai ne Mamman ɗin? Wasiƙa, ko wani abu daga gidan nan?"

Yaya ya fitar da hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya ɗora shi a gwiwa.

"Ba ni da komai, ɗana. Sai fuskata."

"Fuska ba ta shiga fayil, Baba. Ka yi haƙuri."

Muka fito. A hanya na fara magana, ya ɗaga mani hannu. Sai da muka zo daidai maƙabarta ya ce, "Lokacin da ka rubuta mani, kukan da ka ce ka yi, ka yi shi?" Na ce na yi. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya taɓa tambayata a kan maganar ke nan.

Kwanakin da suka rage bai daina cin abincin gidana ba, bai daina wasa da 'ya'yana ba. Kullum da hantsi yakan tafi kabarin Baba ya cire ciyawa. Na kawo masa maganar kasonsa na gida, na ce zan ba shi ninki. Ya ce, "Matacce yana cin gado a garinku?" Na ce zan je in faɗa wa alƙali gaskiya ko me zai faru. Ya ce, "Ka je a ɗaure ka, a kore ni, yaran nan su rasa uba. Sannan wa ya ci riba? Kai ne ɗan kasuwa." Ban sake tayar da maganar ba, kuma na san ya lura da saurin da na yi shiru.

Ana saura kwana shida na kai shi tasha da safe. Na sa masa man kaɗe da dawa da kuɗin mota, wannan kam ya karɓa. Da ya hau, ya sunkuyo ta taga ya miƙo mani ƙunshin tsumman.

"Riƙe. A wurina ba ta da sauran aiki. Kai kuma ka fi ni sanin darajar takarda."

Bayan shekara biyu ɗansa ya rubuto cewa ya rasu, an binne shi a Madani da sunan Muhammad Abdallah. Na rufe sito na yini ɗaya, na ce ba ni da lafiya. Ban iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, don mutanen da za su zo ta'aziyya sun riga sun ci sadakarsa a wurin nan shekara goma sha biyu da suka wuce.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa, ba wa'azi ba ne, sanin sana'a ne. Mu 'yan kasuwa mun ɗauki takarda kamar ƙofa, a turo ta a wuce a manta. Ba haka take ba. Tana zaune inda ka bar ta, ba ta tsufa, ba ta san ka yi nadama ba. Tsayuwar da muke alfahari da ita kuma, Ɗanjuma da Isa ba mugaye ba ne, da ɗayansu ya tambaye ni sau ɗaya, "Bawa, ka tabbata?" wataƙila da na ji kunya. Ba su tambaya ba don suna ganin zumunci ke nan. Tun daga ranar ban sake tsaya wa kowa ba sai na san abin da zan shaida, kuma na rasa abokai a kan haka.

Ga lissafin yadda ya ƙare. Lasin ya zauna a hannuna har aka daina tsarin lasin, ya zama takardar banza. Motoci biyu sun zama biyar, sun tsufa, na sayar da su ƙarfe. Siton yana nan, kuna ajiye buhunanku a ciki, sikelin yana kan rijiyar. Kusa da kabarin Baba akwai wuri na mutum ɗaya da mai gadin maƙabarta ya ce ya bar mani. Kwanakin da na yi da yayana a duniya ko casa'in ba su cika ba. A littafin kotu har yanzu ni kaɗai ne ɗan Malam Gambo, kuma yanzu gaskiya ne.